Yadda Ake Tambayar Gwamnati a Rubuce a Abuja, da Abin Yi In Ta Yi Shiru

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yi nuƙu-nuƙu ba wajen faɗin dalilin kafa gwamnati. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, daga gare su gwamnati take samun ikonta, kuma tsaron lafiyarsu da jin daɗinsu shi ne babban aikinta. Sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, kuma sashe na 6 ya ɗaure hannun kotuna game da babin. Ba a shigar da ƙara don kawai gwamnati ta gaza cika manufofin da ke cikinsa. Wanda unguwarsu ta shekara ba ruwan famfo ba zai ɗauki sashe na 14 kaɗai ya je gaban alƙali ya dawo da ruwa ba.

Abin da mutum zai iya tilasta wa gwamnati bai kai wannan girma ba, amma shi kotu tana sauraronsa: ta nuna maka takardun abin da ta yi da kuɗin jama'a. Wanda ya aiki yaro kasuwa da kuɗinsa ba ya neman izini kafin ya tambayi canji. Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda aka fi sani da FOI, ita ce ta mayar da wannan haƙƙi abin da ake karɓa a rubuce. Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Sashenta na farko ya ce kowa yana iya neman bayanin da ke hannun hukumar gwamnati, kuma ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ba sai kai ɗan jarida ne ko lauya ko shugaban ƙungiya ba.

A ɗauki misali guda a bi shi. A ce a wani ƙauye na yankin Kuje an kafa allo cewa za a gina asibitin sha-ka-tafi, aka yi harsashi, aka ɗora bulo zuwa linta, sai ma'aikata suka kwashe kayansu, damina biyu ta wuce a kan ginin.

Aikin na wane ne?

A nan yawancin masu tambaya suke faɗuwa, tun ba su rubuta kalma ɗaya ba. Abuja ba jiha ba ce. Ba gwamna, ba majalisar dokokin jiha. Sashe na 299 na kundin ya ba Majalisar Dokoki ta Ƙasa ikon yi wa Birnin Tarayya doka, ya ba shugaban ƙasa ikon zartarwa, shi kuma yana tafiyar da shi ta hannun ministan birnin. Ƙarƙashin wannan akwai ƙananan hukumomi shida: AMAC (ƙaramar hukumar birnin Abuja da kewaye), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, kowacce da zaɓaɓɓen ciyaman da kansiloli.

Don haka ginin da aka yasar yana iya zama na ɗaya daga cikin uku. Ko dai na ƙaramar hukuma ne, ko na Hukumar Gudanar da Birnin Tarayya, wato FCTA, da rassanta irin su FCDA mai manyan hanyoyi da gine-gine, da hukumar ruwa, da hukumar kiwon lafiya a matakin farko, da sashen raya garuruwan kewaye. Ko kuma aikin mazaɓa ne na ɗan majalisa. Birnin yana da sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu. Wannan na uku shi ya fi ruɗa mutane, domin ɗan majalisa ba shi ke riƙe da kuɗin ba a takarda. Ana cusa aikin ne a kasafin wata hukumar tarayya, kuma sau da yawa hukumar ba ta da alaƙa ko kusa da irin aikin. Kana iya tarar da ginin asibiti a kasafin wata cibiyar binciken noma da ke wata jiha can. Ita wannan cibiya ita za ka rubuta wa, ba ofishin ɗan majalisar ba.

Jadawali na Huɗu na kundin ya jera ayyukan ƙananan hukumomi: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, sanya wa tituna suna, da sa hannu wajen ilimin firamare da kiwon lafiya. Amma a cikin birnin kansa, yawancin irin waɗannan rassan FCTA ne suke yi, misali hukumar AEPB ce ke kula da shara. Fili kuwa maganarsa daban ce. Sashe na 297 ya ce dukan ƙasar Birnin Tarayya mallakar gwamnatin tarayya ce, minista ne ke ba da fili, fayilolin kuma suna AGIS, hukumar da ke adana bayanan filayen Abuja. Mai neman sanin matsayin wani fili da ya kai takardarsa sakatariyar ƙaramar hukuma ya ɓata lokacinsa.

A kuma lura da iyaka. Nyanya tana cikin AMAC, amma da ka tsallaka Mararaba ka shiga Karu ta jihar Nasarawa. Zuba ta Gwagwalada ce, Madalla da Suleja kuwa jihar Neja. An daɗe ana jayayya kan ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilu na 2025 cewa ta shafi dukan matakan gwamnati. To amma dai takardar mutumin Masaka ta jihar Nasarawa, garin Lafiya ko Karu za ta je, ba sakatariyar FCTA da ke Area 11 ba.

Hanya mafi sauƙi ta gano mai aiki ita ce allon da aka kafa. A ɗauki hotonsa tun bai faɗi ba, domin a kansa ake rubuta sunan aikin, hukumar da ta bayar da kamfanin da ya karɓa. In babu allo, kansilan mazaɓa ko dagaci ko mai unguwa yakan san wanda ya zo da injiniyoyi ranar da aka auna wurin. Sannan a duba kasafi. Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya yana sa kasafin kowace shekara a intanet, kuma kowane aiki yana da lambarsa. Birnin Tarayya yana da nasa kasafin daban wanda Majalisar Dokoki ta Ƙasa take amincewa da shi. In ka samo ainihin sunan aikin yadda yake a kasafi, da shekararsa da lambarsa, babu akawun da zai ce maka bai gane wane aiki kake nufi ba.

Rubuta takardar

Shafi ɗaya ya isa. A rubuta da Turanci, tunda da shi ofisoshi suke aiki. Wanda bai iya karatu ba, ko mai wata nakasa, sashe na 3 ya yarje masa ya nema ta hannun wani. Har da baki ana iya nema, kuma doka ta wajabta wa jami'in ya rubuta buƙatar ya ba mai nema kwafi. A aikace dai kar a dogara da wannan, a je da takarda a hannu.

A sama ka sa kwanan wata, cikakken sunanka, adireshin da saƙo zai same ka, lambar waya da imel. Ka aika wa shugaban hukumar: babban sakatare in ma'aikata ce, darakta janar ko babban sakataren zartarwa in hukuma ce, ciyaman in ƙaramar hukuma ce. Ƙasa da haka ka ƙara cewa a miƙa ga jami'in da ke kula da buƙatun FOI. Kan maganar ya fito fili cewa buƙata ce ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. In ba a rubuta haka ba, rajista, wato ofishin karɓar wasiƙu, za ta ɗauke ta a matsayin koke ko roƙo, a jefa ta cikin fayil ɗin da ba shi da wa'adi.

Babban abin kiyayewa shi ne wannan: dokar tana ba ka takardu ne da bayanan da ke ajiye, ba ta tilasta wa jami'i ya zauna ya yi maka bayanin dalilansa ko ya kare kansa. Tambaya irin “me ya sa kuka bar asibitinmu ya lalace?” amsarta layi biyu ne, a ce ana duba lamarin. Amma in ka nemi kwafin takarda mai suna, ko dai a ba ka, ko a rubuta cewa babu ita, ko a rubuta sashen dokar da ya hana. Kowanne daga cikin ukun nan ya amfane ka.

Ga asibitin namu, abin da ya kamata a nema, kowanne da lambarsa a jere, shi ne kwafin takardar ba da kwangila mai ɗauke da sunan kamfani da jimillar kuɗi da wa'adin gamawa. Jadawalin kayan aiki da farashinsu, wanda masu harkar suke kira BOQ. Tallar da aka yi ta neman 'yan kwangila, da sakamakon tantance su. Baucocin duk kuɗin da aka biya da ranakunsu, har da kuɗin kafin alƙalami. Takardun shaidar matakin aiki da injiniya ya sa wa hannu kafin kowane biya. Da duk wata takarda ta ƙarin kuɗi, ƙarin wa'adi ko soke kwangilar. A iyakance lokaci, a ce daga watan kaza na shekara kaza zuwa yau. A faɗi yadda ake son karɓa, a takarda ko ta imel.

Kar a cika buri. Mai neman “dukan kwangilolin da hukumarku ta bayar tun 2015” ya ba su hujjar neman ƙarin lokaci da hannunsa, sannan ya jawo wa kansa kuɗin hoton takardu mai yawa. Aiki ɗaya, takarda ɗaya. In ayyukan uku ne, a rubuta uku. Kuma a cire zagi da zargi. Kalmar sata ko almundahana ba ta da gurbi a nan, domin tana sa sashen shari'a na hukumar ya fara shirin kare kai maimakon ya aika a ɗauko fayil.

A rufe da tunatarwa cewa sashe na 4 ya ba su kwana bakwai, a sa hannu.

Akwai abubuwan da bai ma kamata sai an tambaya ba. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace hukuma ta riƙa wallafa bayanan shigar kuɗi da fitarsu, da sunaye da muƙamai da albashin ma'aikatanta, da sunan ofishin da za a kai wa buƙata. Kaɗan ne suke yin hakan yadda ya kamata, amma ambaton sashen a takardarka yana nuna musu ka karanta dokar. Wannan sashe kuma ya faɗaɗa ma'anar hukumar gwamnati har ta haɗa da kamfanonin da gwamnati ke da rinjayen hannun jari, da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin jama'a ko suke yi wa jama'a hidimar da ta gwamnati ce.

Miƙawa

Ka buga kwafi biyu. Ka kai rajistar ofishin shugaban hukumar da kanka ko ta hannun wanda ka amince da shi, cikin lokacin aiki, gara da safe. Su karɓi ɗaya, su buga wa ɗayan hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu, su ba ka. Duba hatimin kafin ka bar teburin: kwanan watan ya fito sarai? Daidai yake da ranar? Wannan kwafi shi ne dukan shari'arka in an kai ga kotu. Ba shi, hukuma za ta ce ba ta taɓa ganin takardarka ba, kuma alƙali ba shi da abin kamawa. Ka ɗauki hotonsa a waya nan take.

Kar ka bar takarda a hannun mai gadi ko masinja don ya ce oga ba ya nan. Rajista ba ta buƙatar oga kafin ta buga hatimi. In sun ƙi karɓa, aika ta kamfanin kai saƙo mai ba da shaidar wanda ya karɓa da ranar, ka adana rasit. Imel yana da amfani a matsayin ƙari, amma akwatunan imel na ofisoshi da yawa ba mai buɗe su.

Neman bayani kyauta ne. Sashe na 8 ya ce kuɗin da za a caje ka bai wuce na hoton takardu da kwafe su ba. Babu kuɗin fom, babu kuɗin bincike, babu na goro. In an ce ka biya kuɗin hoto, nemi a rubuta maka adadin shafuka da farashi, ka biya ta hanyar da za ka sami rasit na hukuma.

Lissafin kwanaki

Kwana bakwai daga ranar karɓa, ko su ba ka, ko su rubuto dalilin hanawa. In sun ga wata hukuma ce ta fi cancanta, sashe na 5 ya ce su tura mata cikin kwana uku, kar ya wuce bakwai, su sanar da kai a rubuce. Daga nan lissafi ya koma sabo daga ranar da waccan ta karɓa. Ka ga abin da kuskuren adireshi yake jawowa. Sashe na 6 ya ba su damar ƙarin kwanaki da ba su wuce bakwai ba in takardun suna da yawa ko sai sun tuntuɓi wasu, amma sai sun sanar da kai.

In wa'adi ya cika shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi. Daga ranar kana da kwana 30 ka garzaya kotu, bisa sashe na 20. A nan ake yi wa mutane wayo da daɗin baki. Za a ce ka dawo jibi, oga ya yi tafiya, fayil yana sama, ka ƙara haƙuri. Kana zirga-zirga kwana talatin ɗin suna tafiya. Kotu tana da ikon ƙara lokaci, amma roƙo ne, ba tabbas. Ka rubuta takardar tuni guda ɗaya a rana ta takwas ko ta tara, ka maƙala hoton kwafin farko mai hatimi, ka tura kwafi ofishin Antoni Janar na Tarayya, wanda shi doka ta ɗora wa sa ido kan bin ta, kuma shi hukumomi suke kai wa rahoton buƙatun da suka samu a farkon Fabrairun kowace shekara. Takardar tuni ba ta tsayar da lissafin kwana talatin.

In sun ce a'a

Kamar yadda ikon gwamnati na ɓoyewa yake da iyaka, haƙƙinka na gani ma yana da tasa. Dokar ta ware abin da zai cutar da tsaron ƙasa da hulɗa da ƙasashen waje, da abin da zai ɓata binciken laifi ko shari'ar da ke gudana, da bayanan sirrin mutum kamar fayil ɗin majiyyaci ko na harajin wani, da sirrin kasuwancin wasu, da abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ko likita da mara lafiya, da tambayoyin jarrabawa. Takardun masu neman kwangilar da ba a kammala bayarwa ba su ma ana iya riƙe su, don kar wani ya leƙi farashin abokin takararsa. Waɗannan iyakoki suna kan hanya. Wanda yake son a buɗe masa fayil ɗin asibitin maƙwabcinsa, gobe nasa za a buɗe.

Amma hanawa tana da ƙa'ida. Sashe na 7 ya ce a rubuce za a yi ta, a ambaci ainihin sashen da aka dogara da shi, a faɗi ko takardar tana nan ko babu, a sanar da kai haƙƙinka na zuwa kotu, kuma duk jami'in da ya yanke hukuncin ya sa sunansa da muƙaminsa da sa hannunsa. Yawancin keɓance-keɓancen nan kuma suna faɗuwa in amfanin jama'a na sanin abin ya rinjayi cutar da fitar da shi zai yi. Hatimin “sirri” da aka buga a bangon fayil ba hujja ba ce ita kaɗai, sashe na 28 ya faɗi haka. In kuma wani ɓangare na takarda ne kawai ya shiga keɓancewa, sashe na 18 ya ce a rufe wannan a ba ka sauran. Lambar asusun bankin ɗan kwangila ana iya shafe ta. Adadin kuɗin da aka biya shi daga baitulmali ba sirrinsa ba ne.

Ƙara ana shigar da ita a Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotun Birnin Tarayya, ana neman umarnin tilasta wa hukumar ta ba da takardun. Dokar ta ce a saurare ta a taƙaice, kuma hukumar ce za ta tabbatar da cewa hanawarta tana bisa doka, ba kai za ka tabbatar da akasin haka ba. Nan kam lauya ake bukata. Ƙungiyoyin farar hula masu bin diddigin kasafi da na kare 'yancin watsa labarai a Abuja sukan ɗauki irin waɗannan ƙararraki in takardun mai nema a kammale suke. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba tana da tarar naira 500,000, lalata ko sauya takarda da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Ba kasafai ake jin an ci wani jami'i wannan tara ba, kuma shari'a a ƙasar nan ba ta sauri ko da an ce a taƙaita. Amfanin ƙarar sau da yawa shi ne sammaci ya isa teburin lauyan hukumar, shi kuma ya ga sakin takarda ya fi masa sauƙi.

Wanda ba shi da halin kotu yana iya kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, hedikwatarta tana Maitama. Kyauta take aiki, amma ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu, ba ta kuma karɓar koken da ya wuce wata goma sha biyu da faruwar abin. Majalisar Dattawa da ta Wakilai kowacce tana da kwamitin koke-koken jama'a, ta hannun ɗan majalisarka ake gabatarwa.

Bayan takardu sun shigo hannu

A zauna da wanda ya san gini, injiniya ko tsohon birkila mai karatu, a ɗauki jadawalin kaya a je wurin. Kwano nawa aka rubuta, nawa ke kan rufi? Takardar shaida ta ce an kai matakin rufi da filasta, ginin kuma yana linta? Kashi nawa na kuɗin aka biya, kashi nawa na aikin ke ƙasa? A binciki sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, a ga ko yana da rajista da kuma shekarar da aka yi ta. Wani lokaci takardun za su nuna ɗan kwangilar ba shi da laifi, kuɗin ne ba a sake shi ba bayan biyan farko. To, sai maganar ta koma kan a mayar da aikin cikin kasafin baɗi, kuma wannan aikin kansila da ɗan majalisa ne.

In kuwa an biya kuɗin aikin da ba a yi ba, a haɗa kwafin takardun da hotuna masu kwanan wata a kai ICPC, wadda tun 2019 take bin diddigin ayyukan mazaɓu, ko EFCC. Kafin nan kar a hau Facebook ana kiran sunan wani ɓarawo. A wallafa abin da takarda ta ce da abin da ido ya gani, gefe da gefe, a rufe lambobin waya da na asusun banki. Ainihin kwafin mai hatimi da amsar hukuma a ajiye su wuri ɗaya a gida, hotunansu kawai ake ba kowa.